Bashi sau bashi: wasiƙar malamar da ɗalibinta ya ɗaure

Assalamu alaikum Inna. Ni malamar lissafi ce a wata ƙaramar sakandare a nan cikin garin Sakkwato, shekarata 6 ina koyarwa. A aji 2 ina da yara sun haura 70, cikinsu akwai wani ɗan shekara 12 da ya hana ni sakat. Kafin in gama rubuta misali a allo ya faɗi amsa. In na ba da aiki, minti 5 ya gama, sai surutu da tsokana. Na ninka masa aiki, na sa shi duba littattafan 'yan ajin, duk a banza. Makon jiya ina koyar da lambobi masu mainas sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, ke kinka ce mainas bashi na. To ƙaƙa bashi sau bashi ka zama riba?" Na tsaya riƙe da alli, ba ni da amsa. Aji ya fashe da dariya, ni kuma na kore shi ya durƙusa a rana. Abin da ya fi damuna, Inna, na fara jin haushin yaron, ranar da bai zo ba har daɗi nake ji. Ba a taɓa koya mana yadda ake tafiyar da irinsa ba. Na nemi a tura ni bita, an ce babu kuɗi. Na ga wani kwas mai tsada a intanet, maigidana kuma ya ce gara in nemi digiri na biyu. Ko dai in roƙa a canza mini aji?

Wa alaikumus salam, ɗiyata.

Kada ki nemi canjin aji. Wannan na sallame ki da ita tun daga ƙofa, don sauran maganar tana da tsawo.

Haushin nan na san shi. A shekarata ta biyu da fara aiki, a wata makarantar 'yan mata da ba zan ambata ba, wata siririyar yarinya da ke zama kusa da taga ta ce mini na yi kuskure a layi na uku. Gaskiyarta kuwa. Na ce ta fita ta share harabar makaranta saboda rashin kunya. Daga ranar ba ta ƙara ɗaga hannu ba har ta bar ajina, ni kuma ina ganin na yi maganinta. Yau na manta sunayen ɗaruruwan yaran da suka ratsa hannuna, amma ban manta tagar nan ba. Saboda haka ba zan yi miki faɗa daga sama ba. Sai dai ranar Sakkwato ba abin horon yaro ba ce, kuma ke ma kin sani, shi ya sa kika rubuto.

A gaban ajin da aka yi dariyar, a nan za ki gyara. Ki ce musu tambayar da wane ya yi tambaya ce ta gaske, ran nan ba ki da amsarta, yau kin zo da ita. Girmanki ba zai zube ba. Mu da muka tashi kan karatun Malikiyya mun sha jin cewa Imamu Malik da kansa akan jero masa tambayoyi ya amsa mafi yawansu da "ban sani ba", kuma babu wanda ya fasa zuwa Madina ɗaukar karatu a wurinsa saboda haka.

Ga amsar. Misalin bashi yana da kyau a tarawa da ɗebewa, amma in an zo kan sau, lamba ta farko ba kuɗi ba ce, tana faɗin sau nawa ne. Mutum 3 suna bin ki naira 200 kowanne: 3 × (−200) = −600. To a ce su ukun sun yafe. An ɗauke miki bashi 3, wato (−3) × (−200) = +600, yau kin fi jiya da naira 600 ba tare da kin sayar da ko tsinke ba. Yaron ya yi gaskiya, bashi sau bashi ba shi da ma'ana, kamar yadda naira sau naira ba ta da ita. Ɗauke bashi ne yake zama riba. In kuma kina so ya gano da kansa, ki rubuta 3 × (−2) = −6, ƙarƙashinsa 2 × (−2) = −4, sai 1 × (−2) = −2, sai 0 × (−2) = 0, ki ajiye alli ki ce wa zai ci gaba. Kowane layi amsa tana hawa da 2. Da bakinsa zai ce (−1) × (−2) = 2, kuma ina kyautata zaton ba shi kaɗai zai faɗa ba.

Ki lura da abin da ya ɗaure ki ran nan. Lissafin ne kansa, dalilin da ke ƙarƙashin ƙa'idar da aka haddatar da mu muka haddatar da wasu. Babu wata dabarar sarrafa aji da za ta fitar da ke daga wannan rami. Rabin horon da malamin haziƙan yara yake buƙata komawa ɗalibta ne a darasin da yake koyarwa, kuma wannan rabin ba ya jiran takarda daga ma'aikata.

Ɗaya rabin kuwa kin taɓa zama a cikinsa, kin dai manta. Tuna makarantar allon unguwarku. Yara 40 a gaban malam ɗaya, kowa da allonsa. Wanda ya riƙe karatunsa ya biya, a ce ya wanke, a ɗora masa na gaba, ba a ce ya jira na kusa da shi. A zaure ma haka: wannan yana Ahalari, wancan yana Iziyya, wani ya kai Risala, malam yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ba a taɓa jin an tsare mai Risala an ce sai 'yan Ahalari sun kamo shi ba. Boko ce ta zo da allo ɗaya na kowa da kowa, ta ɗaure yara 70 a shafi ɗaya har zango ya ƙare. Wani masanin ilimi na Amurka, Joseph Renzulli, ya yi suna da wata hanya da ake koya wa malaman haziƙai a can: a gwada yaro kafin a fara babi, abin da ya riga ya iya a ɗauke masa, lokacin da aka samu a cika masa da abin da ya fi zurfi. Ranar da na fara karanta bayaninta dariya na yi, na ce ashe wanke allo ne aka sa wa kwat.

Ga yadda zai yiwu a ajinki. Kafin ki shiga sabon babi, ki ba da tambaya 5 daga cikin mafi wuya na ƙarshen babin, minti 10, ki gaya musu ba na maki ba ne. Duk ajin za ki ba, ba shi kaɗai ba. Wanda ya ci 4 ya wanke allonsa: ya saurari gabatarwar darasi tare da kowa, amma lokacin aikin aji ya ɗauki katinsa daban. Dalilin ba kowa da kowa shi ne, wannan yaron kin gan shi ne don yana da baki. Akwai yarinyar da ta gama tun ɗazu ta rufe littafi ta yi shiru, don an koya mata cewa nuna sani rawar kai ne. Akwai wanda Turanci ne ya tare shi, in kika karanta masa tambayar da Hausa sai ya ba ki mamaki. Ko masana da ma'auninsu suna kuskure. A 1921 wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Lewis Terman, ya fara bin rayuwar yara kimanin 1,500 da gwajin ƙwaƙwalwa ya zaɓo a Kalifoniya. Cikin waɗanda aka gwada ba su kai makin ba akwai William Shockley da Luis Alvarez, kuma su biyun daga baya sun ci kyautar Nobel a fiziks, abin da ko ɗaya daga cikin zaɓaɓɓun bai samu ba.

Me za ki rubuta a katin? Nan ne kika yi kuskuren da kusan kowa ke yi. Yaro ya gama 10 an ba shi 20 irinsu. Me ya koya? Ya koyi cewa ladan sauri ƙarin wahala ne, gobe sai ya ja ƙafa. Tambaya ɗaya tak za ki ba shi, wadda za ta kwana da shi.

Misali, an sauko daga Idi, mutum 10 kowa ya gaisa da kowa hannu da hannu sau ɗaya, gaisuwa nawa aka yi? Zai ce 100, ki girgiza kai. Zai ce 90, ki ce ya tara abokai 4 su gwada a bakin aji. In ya kai 45, ki ce to mutum 20 fa. In ya kawo 190, ki ce duk ajin nan, mutum 70, kuma ba ki son jerin lambobi, hanya kike so wadda za ta yi wa kowane adadi. Ranar da ya zo miki da 2,415 da dalilinsa, ya ƙirƙiro aljabara da hannunsa kafin manhaja ta kawo shi wurin.

In kun zo babin ɓangarori, gidanmu cike yake da kaya. Mace ta rasu ba ɗa ba iyaye, ta bar miji da 'yan'uwa mata 2 shaƙiƙai. Miji yana da rabi, su suna da kashi 2 cikin 3. Ki ce ya tara. Zai samu 3/6 da 4/6, wato 7/6, rabo ya fi dukiya. Ki bar shi ya yi ta juyi da shi kwana biyu, sannan ki tura shi wurin malamin zauren unguwarsu ya tambayo abin da ake kira auli, yadda tun zamanin Sayyidina Umar ake mayar da dukiyar kashi 7, miji ya ɗauki 3 su ɗauki 4. Zai dawo yana kallon lissafi da wani ido, malamin zauren ma zai ji daɗi an zo. Haka hatimi: ya jera 1 zuwa 9 a gida 9, kowane layi, a tsaye da a kwance da a karkace, ya ba da 15. Samun jerin ba wuya. Tambayar ita ce don me sai 15, kuma don me 5 ba ta barin tsakiya. Daga nan ya gwada mai gida 25, wanda layinsa ke ba da 65. Ki gaya masa wani malamin Katsina, Muhammadu Alkashnawi, ya rubuta hanyoyin gina irin wannan hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma har yau masu tarihin lissafi suna ambatonsa. Yaranmu sun cika zaton lissafi daga jirgin ruwa ya sauko.

Duba littattafan 'yan aji kuma ki karɓe abinki. Ba ya ƙaruwa da komai, kuma kina haɗa shi gaba da abokansa. Haka kirarin "mai ƙwaƙwalwa" a gaban jama'a. Iyayenmu suna hana shi don tsoron kambun baka, ni kuma ina da ƙarin dalili. A wani bincike da masaniyar halayyar ɗan Adam Carol Dweck da abokiyar aikinta suka wallafa a 1998, yaran da aka yaba wa kaifin ƙwaƙwalwa sun koma zaɓen aiki mai sauƙi don kare sunansu, kuma da suka gamu da mai wuya sun fi saurin karaya kan waɗanda aka yaba wa ƙoƙari. Yaron da bai taɓa shan wuyar karatu ba har ya shiga jami'a, ranar da ya fara faɗuwa ba ya sanin yadda ake tashi. Na ga irinsu, abin tausayi. Ki yaba hanyar da ya bi, ki nuna masa inda ya yi gaggawa.

Yanzu ke. Ki sayi littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, ki ajiye a teburinki, duk tambayar da ta ɗaure ki ki rubuta da kwanan wata, a gaban mai tambayar. Wannan littafin shi ne manhajar horonki, kuma yaron ne zai rubuta miki rabinta kyauta. Ki ware rabin awa, bayan asuba ko bayan yara sun kwanta, kwana 3 a mako, ki zauna da tambayoyin gasar lissafi na shekarun baya. Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda a yankin Kwali, kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, ita ke shirya gasar Olimfiyad tana zaɓen masu wakiltar Najeriya a waje, kuma irin tambayoyin suna yawo a intanet ba ko kwabo. Za su kayar da ke. Makon farko wataƙila ɗaya za ki warware cikin biyar, ki ji kamar ki jefar da biro. Wannan jin shi ne abin da kike shirin jefa yaron a ciki, gara ki san ɗacinsa kafin ki ba shi.

Kada ki yi ke kaɗai. Ki nemi malami ɗaya, a makarantarku ko ta kusa, ku shirya darasi tare, ɗaya ya koyar ɗaya ya zauna a baya. Mai zama a baya yara zai kalla: wa ya gama da wuri, me ya yi bayan ya gama, wa ya bi wata hanya daban. Bayan an tashi ku zauna ku gyara darasin. Malaman Japan sun daɗe a kan wannan al'ada, kuma daga can aka samo ruhin shirin SMASE na horar da malaman lissafi da kimiyya, wanda aka gudanar a ƙasar nan da taimakon JICA, hukumar tallafi ta ƙasar Japan. Ki tambaya a ofishin ilimi na ƙaramar hukumarku ko akwai wanda ya taɓa shiga, ki je ki same shi. Ki kuma yi rajista da ƙungiyar malaman lissafi ta MAN, ko STAN ta malaman kimiyya wadda take nan tun 1957. Sannan wata rana ki hau kabu-kabu ki haye gadar Kwalkwalawa zuwa sashen lissafi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko ki shiga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, da littafin nan naki a hannu. Zuwa da kai ya fi aike. Malamin jami'a ya gaji da masu zuwa neman maki, wanda ya zo da tambayar ɗan shekara 12 baƙo ne da ake ba kujera. Magabatanmu haka suka yi karatu, littafi kaza sai wurin malam wane, ko da tafiyar kwanaki ce. Shehu da kansa ya bi Malam Jibrilu har Agadas.

Bita kuwa, in ta samu ki je, ki adana takardar shaida, don hukumar TRCN mai rajistar malamai tana lissafa irin wannan horo. Amma kada ki ɗora mata buri. Na halarci bita ba adadi: kwana 3 a zauren otal, jaka da biro, alawus a ambulan, Litinin kowa ya koma yadda yake. Abin da ke canza malami shi ne wanda ake komawa ana dubawa. Nana Asma'u ba ta naɗa wa jaji, wato shugabar matan da take turawa koyarwa, malfa ta sallame ta shi ke nan ba. Su jaji suna komawa ƙauyukansu su koyar, su sake dawowa wurinta da mata da sababbin tambayoyi, shekara da shekaru. Da wannan ma'aunin za ki auna kwas ɗin intanet ɗin nan. Ki tambaye su: akwai wanda zai duba aikin da na yi da ɗalibaina ya gyara mini? An yi tunanin aji mai yara 70 da ba wuta? In bidiyo ne kawai da satifiket mai ado, riƙe kuɗinki ki sayi data da kwali.

Maganar maigidanki ba ta faɗi ba, lokacinta ne bai yi ba. Ki yi shekara ɗaya a kan abin da na lissafa, sannan ki zaɓa da ido buɗe. In kika ga lissafin ne ke jan ki, ki zurfafa a lissafi. In kuma sha'anin yaran ne, karatun haziƙai a ƙasar nan yana ƙarƙashin ilimi na musamman, kuma akwai sashensa a Jami'ar Bayero ta Kano da ta Jos da ta Ibadan, ga kuma kwalejin tarayya ta ilimi na musamman a Oyo. Wanda ya shiga digiri na biyu da littafi cike da tambayoyin ajinsa ba ya rasa abin bincike. Cibiyar NTI ta Kaduna, wadda aka kafa a 1976 don horar da malamai suna bakin aiki, ita ma ki riƙa leƙa sanarwarta.

Saura iyayen yaron. Ki nemi ganin mahaifinsa ta hannun shugaban makaranta, kuma ki fara da cewa ba ƙara kika kawo ba, don duk uban da aka kira makaranta da faɗuwar gaba yake zuwa. Wataƙila a kawo maganar tsallake aji. Ban hana ba in ya yi fice a dukkan darussa kuma shi ma yana so, amma ku yi lissafi: shekara 16 ce mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, sai 'yan ƙalilan da ake yi wa tantancewa ta daban, kada a yi gudu a je a zauna jira a bakin ƙofa. In a lissafi kaɗai ya tsere, a bar shi da sa'o'insa, ya riƙa ɗaukar lissafin aji 3. Makarantar haziƙai ta tarayya da ke Suleja, wadda NECO ke shirya jarrabawar shigarta, masu gama firamare ne ke nema, haka Jigawa tana da tata a Bamaina. Ko shi bai samu ba, ki gaya wa malaman firamaren da ke turo muku yara, domin da yawa a nan ba su ma san da jarrabawar ba.

Ranar da kika ba shi tambayar gaisuwar Idi, ki karɓi takardar da ya yi ta kwaɓa yana sokewa, ba wadda ya kwafe da kyau ba, ki ɗauki hotonta ki aiko mini. Ina so in ga ta inda ya bi. Ki haɗo da ta yarinyar da ta ci 4 cikin 5 ba ta ce uffan ba, in kin same ta.